Tudun Jifa: Tambayoyi da Amsoshi kan Mai Jifa a Wasan Besbol

Wanda ya tashi da ƙwallon ƙafa, ranar da ya fara kallon besbol yakan ga kamar ba a komai a filin: ga mutum ɗaya tsaye kan ɗan tudu, ga wani riƙe da sanda, ga na uku a tsugune bayansa. To amma wasan duka a hannun na kan tudun yake, don babu abin da zai motsa sai ya saki ƙwallo. Shi ya sa dokoki suka fi taruwa a kansa. Amsoshin da ke ƙasa sun fi shafar babbar gasar Amurka, MLB, mai ƙungiyoyi 30, sai ɗan abin da ya taɓa Japan da Koriya ta Kudu.

Mene ne ainihin aikin mai jifa?

Aikinsa shi ne ya hana mai bugu samun ƙwallo yadda yake so. A gaban mai bugu akwai wani farin faranti a ƙasa mai faɗin inci 17, shi ake kira gida. A saman farantin, daga ƙasan ƙoƙon gwiwar mai bugu zuwa wajen tsakiyar ƙirjinsa, akwai wani fili da ba a zana shi ba, alƙalin wasa ne ke auna shi da ido. Ƙwallo ta ratsa ta nan mai bugu bai kai mata sanda ba, ko ya kai ya kuskure, an yi masa sitiraik. Uku suka cika, ya fita. Idan kuwa ta kauce wa filin kuma bai kai mata sanda ba, wannan bol ce, huɗu suka taru sai ya tafi tasha ta ɗaya a kyauta, wato ta farko cikin tasoshi uku da ake zagayawa kafin a dawo gida a ci maki. An fitar da mutum uku, sai ƙungiyoyin su yi musaya: masu bugu su koma tsaro, masu tsaro su zo bugu. Haka za a yi har zagaye tara, sai dai in an yi kunnen doki a ƙara.

Me ya sa tazarar ta zama ƙafa 60 da inci 6, ba ƙafa 60 cif ba?

Tun 1893 take haka, wato mita 18.44. Kafin nan mai jifa ya fi kusa da mai bugu, jifa kuma ya yi ƙarfi har bugu ya gagara, sai aka ja shi baya da ƙafa biyar daga inda yake dasa ƙafarsa ta baya, wato ƙafa 55 da rabi. Daga nan rabin ƙafar ya samo asali.

Tsayin tudun ma yana da nasa labarin. A kakar 1968 masu jifa sun danne wasan ƙwarai. Bob Gibson na St. Louis Cardinals, idan aka raba makin da aka ci shi a kan kowane zagaye tara, 1.12 kawai yake bayarwa. Denny McLain na Detroit ya ci wasa 31 a kaka ɗaya. Wanda ya fi kowa iya bugu a Amerikan Lig, ɗaya daga rukunai biyu na MLB, a shekarar, Carl Yastrzemski, da ƙyar nasarar bugunsa ta haura kashi 30 cikin ɗari. 'Yan kallo suka fara gundura, sai a 1969 aka sassaƙe tudun daga inci 15 zuwa inci 10, aka kuma rage filin sitiraik. Duk wanda ya bi tarihin wasan zai ga haka abin yake tafiya: da zarar mai jifa ya rinjayi mai bugu da yawa, sai a taɓa doka.

Da gaske ne a da mai bugu ne ke faɗin inda za a jefa masa?

Gaskiya ne. Har zuwa 1887 mai bugu na da ikon cewa a jefo masa sama ko ƙasa. Ɗaga hannu sama da kafaɗa a yi jifa kuwa sai 1884 aka halatta shi, kafin nan daga ƙasa ake wurgowa. An taɓa buƙatar bol tara kafin mutum ya tafi tasha ta ɗaya, aka yi ta ragewa har ta tsaya a huɗu a 1889. A farkon wasan mai jifa bai wuce mai miƙo ƙwallo don a buga ba. A hankali ya rikiɗe ya zama abokin karawa.

Ƙwallon tana lanƙwasa da gaske, ko ido ne ke yaudarar mutum?

Tana lanƙwasa. An daɗe ana musu a kai, har a 1959 wani masanin kimiyya, Lyman Briggs, ya gwada a ɗakin gwajin iska ya tabbatar. Ƙwallon da ke juyawa tana ture iskar da ke gefenta zuwa ɓangare ɗaya, ita kuma ta karkata zuwa ɗayan, kamar dai bugun tazarar da ke zagaye katangar 'yan wasa ya faɗa raga. Ɗinkin da ke jikinta, ja guda 108 da ake yi da hannu, shi ke ba yatsu wurin kamawa.

Daga nan kowane mai jifa ke haɗa makamansa. Akwai jifa mai gudu, wanda shi ne tushe. Akwai mai lanƙwasa da ke faɗowa ƙasa, da mai zamewa gefe. Akwai na yaudara: hannu ya tafi da ƙarfi kamar mai gudu ne ke zuwa, amma ƙwallon ta iso a makare, mai bugu ya riga ya kai sanda. Mariano Rivera, ɗan ƙasar Panama da ya yi wa New York Yankees wasa, kusan da jifa iri ɗaya ya yi rayuwarsa, mai ɗan karkacewa daf da sanda. Kowa ya san abin da zai jefo, amma duk da haka ya rufe wasa 652 da nasara.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne nokulbol. A nan mai jifa yana dasa faratansa a jikin ƙwallo ya tura ta ba tare da ta juya ba, iska ta yi ta wasa da ita a hanya. Shi kansa bai san inda za ta faɗa ba, balle mai kamawa, wato na tsugune bayan mai bugu. Phil Niekro ya ci wasa 318 da ita, ya kai shekara 48 yana jifa, don ba ta cin hannu. R.A. Dickey ya karɓi kyautar Cy Young, wadda ake ba gwarzon mai jifa na shekara, da ita a 2012. Yau masu yin ta sun kusa ƙarewa, domin masu neman yara masu baiwa gudu suke aunawa, kuma ina ganin wannan asara ce ga wasan.

Wane ne ya fi kowa ƙarfin jifa?

Jifa mafi gudu da aka auna a MLB na Aroldis Chapman ne, ɗan asalin Kyuba, a watan Satumban 2010 yana Cincinnati Reds: mil 105.8 a awa, kimanin kilomita 170. Matsakaicin jifa mai gudu a yau yana wajen mil 94. A wannan gudun, ƙwallo na isa gida cikin ƙasa da rabin daƙiƙa.

Mece ce bok, kuma me ya sa ko tsofaffin 'yan kallo ke rikicewa a kanta?

Doka ce da ke kare mai gudu, wato ɗan wasan da ya riga ya samu tasha yana neman ta gaba. Mai gudu yakan ɗan matsa daga tasharsa yana lura da ƙafa da kafaɗar mai jifa. Da za a bar mai jifa ya riƙa nuna kamar zai jefa gida sannan ya juya ya kama shi, babu wanda zai iya satar tasha. Saboda haka, idan akwai mai gudu, wanda ya fara motsin jifa dole ya ƙarasa. Idan ya haɗa hannuwansa a gabansa, sai ya tsaya cak kafin ya jefa. Ba zai yi ƙaryar jifa zuwa tasha ta ɗaya ba alhali ƙafarsa na kan robar tudu, wato farin faifan da yake dasa ƙafa a kai, kuma in zai jefa wata tasha sai ya taka ƙafa ya fuskance ta. Ko ƙwallon ce ta suɓuce masa ta faɗi yana kan robar, bok ce. Hukuncinta, kowane mai gudu ya ƙara tasha ɗaya, na tasha ta uku kuwa ya shigo gida da maki.

Rikicin yana zuwa ne daga kalmar tsayawa: tsayawar wani alƙali ba ita ce ta wani ba. A 1988 aka umarci alƙalai su tsananta, a shekarar Dave Stewart na Oakland shi kaɗai aka kama sau 16.

Me ya sa alƙalin wasa ke duba hannun mai jifa da hularsa?

Domin duk abin da aka shafa wa ƙwallo yana sauya tafiyarta. A farkon ƙarni na 20 jifan miyau halal ne. Ana tofa mata miyau, a shafa ruwan taba, a goge ta da ƙasa, a kankare ta, har ta yi baƙi, kuma da ƙwallo ɗaya za a yi ta wasa muddin ba ta ɓace ba. A farkon 1920 aka fara hana wannan. A watan Agustan shekarar, a birnin New York, jifan Carl Mays ya sami Ray Chapman na Cleveland a kai, washegari ya rasu. Waɗanda suka gani sun ce bai ko motsa ba, alamar bai ga ƙwallon ba. Shi kaɗai ne ɗan wasan MLB da jifa ya yi ajalinsa. Daga nan alƙalai suka riƙa canza ƙwallo da zarar ta yi datti. An dai ƙyale mutum 17 da jifan miyau ne abincinsu su ci gaba har su yi ritaya, na ƙarshensu Burleigh Grimes ya ajiye a 1934. Abin takaici, hular kwano ba ta zama dole ga mai bugu ba sai 1971.

Hani bai kashe al'adar ba. A 1987 alƙalai suka sa Joe Niekro ya zazzage aljihunsa, abin goge farce ya faɗo, aka dakatar da shi wasa goma. A zamaninmu kuma abin ya juya: maimakon santsi, danƙo ake nema, don yatsu su riƙe ƙwallo ta ƙara juyawa. Da abin ya yi yawa, daga watan Yunin 2021 aka fara binciken hannu, hula, safar hannu da bel a tsakiyar wasa, wanda aka kama dakatarwar wasa goma ce. Abin da aka yarda da shi kawai shi ne ɗan ƙunshin garin ƙaro da ake ajiyewa bayan tudu don busar da gumi. Safar hannun mai jifa ma ba a yarda ta zama fara ko ruwan toka ba, kada ƙwallo ta saje da ita.

Sai wani abin mamaki. Sabuwar ƙwallo tana da sheƙi da santsi, don haka kafin kowane wasa ana goge ta da wani laka na musamman da ake ɗebowa daga gefen kogin Delaware a jihar New Jersey. Wani koci mai suna Lena Blackburne ne ya gano shi a ƙarshen shekarun 1930, kuma har yau masu sana'ar ba sa faɗin ainihin wurin.

Yaushe aka sa wa wasan agogo?

A 2023. Wasa ya riƙa tsawaita har matsakaicinsa ya haura awa uku, ba don an ƙara bugu ba, sai don an ƙara jinkiri: mai jifa ya zagaya tudu, mai bugu ya fita ya gyara safa ya dawo. Yanzu mai jifa na da daƙiƙa 15 idan babu mai gudu, 18 idan akwai. Ya wuce, a rubuta masa bol. Mai bugu kuma dole ya shirya kafin saura daƙiƙa 8, in ba haka ba sitiraik. Sau biyu kawai mai jifa zai iya sauka daga roba ko ya jefa tasha a kan mai bugu ɗaya, na uku in bai kama mai gudun ba, ya ba shi tasha. A shekarar farko wasa ya sauko zuwa kimanin awa 2 da minti 40. A ganina wannan na cikin gyare-gyare mafi kyau da aka yi, domin ba a cire komai daga wasan ba sai zaman jira.

Akwai 'yan uwanta: tun 2020 mai jifan da aka sako sai ya fuskanci mutum uku ko ya ƙarasa zagayen kafin a canza shi, tun 2017 kuma in ana son a ba mai bugu tasha da gangan, koci ya ɗaga yatsu huɗu ya wadatar.

Ta yaya mai kamawa ke sanin abin da za a jefo?

Shi ne ma yake zaɓa galibi. Sama da shekara ɗari da yatsu ake yi: ya sa hannu tsakanin cinyoyinsa ya nuna ɗaya don mai gudu, biyu don mai lanƙwasa, mai jifa ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Abokin hamayya ya karanta alamar da idonsa ba laifi ba ne. Laifin shi ne amfani da na'ura, kuma abin da Houston Astros suka yi ke nan a 2017, shekarar da suka ɗauki kofi: kyamara na ɗauko alamar, wani yana buga kwandon shara don sanar da mai bugu. Asirin ya tonu a ƙarshen 2019. Daga 2022 aka halatta wata na'ura mai suna PitchCom, mai kamawa ya danna maɓalli, mai jifa ya ji murya a cikin hularsa.

In mai jifa ya ƙware, me ya hana a sa shi kullum?

Hannu ba zai ɗauka ba. Kaka ɗaya wasa 162 ce, don haka ƙungiya na da masu farawa biyar da ke karɓa-karɓa, kowa ya huta kwana huɗu. Da ya kusanci jifa 100 koci zai fara duban masu jiran gado. A Japan ma sau ɗaya a mako ake sa mai farawa. A da ba haka ba ne: a 1884 Charles Radbourn ya yi jifa sama da zagaye 670, Cy Young kuma ya tara nasara 511 da babu mai kamo ta. Yau wanda ya kai zagaye 200 jarumi ne. Bambancin shi ne na da suna tattalin ƙarfinsu, na yau kuwa kowane jifa da iyakar ƙarfi suke yin sa.

Wurin da ke biyan kuɗin wannan wata 'yar jijiya ce a cikin gwiwar hannu. Da can in ta tsinke, sana'a ta ƙare. A 1974 likita Frank Jobe ya ciro jijiya daga hannun daman Tommy John na Los Angeles Dodgers ya dasa masa a gwiwar hannun hagu. Ya yi jinyar kaka guda, ya dawo a 1976, ya ci ƙarin wasa 164 kafin ya ajiye a 1989. Tiyatar da sunansa ake kiran ta har yau, jinyarta kuma shekara ce zuwa shekara da rabi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ta zama ruwan dare har ga yara 'yan sakandare. A Japan, gasar makarantu ta filin Koshien ta shahara da wannan nauyi: a 1998 Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa ɗaya mai zagaye 17, ya sake fitowa washegari, a wasan ƙarshe kuma bai bari an samu bugu ko ɗaya da ya kai mai bugu tasha ba. Bajinta ce, amma ba abin da za a nema daga yaro ba ne. Sai a 2020 aka sa iyakar jifa 500 a mako. Muddin gudun jifa ne ke kawo kwantiragi, yara za su ci gaba da sadaukar da hannuwansu, kuma manya ne ya kamata su taka musu burki.

Mai jifa yana bugu shi ma?

A da yana yi, kuma yawanci bai iya ba. Rukunin Amerikan Lig ya kawo mai bugu na musamman a madadinsa a 1973, Nashonal Lig ya bi a 2022. Shohei Ohtani ne ya fita daban, yana jifa yana bugu a matakin ƙoli, abin da ba a gani ba tun Babe Ruth yana Boston. Har doka aka gyara saboda shi, ta yadda in an sauke shi daga tudu zai ci gaba da bugu.

Idan jifa ya sami mai bugu fa?

Ya tafi tasha ta ɗaya, matuƙar bai kai sanda ba kuma ya yi ƙoƙarin kaucewa. In alƙali ya ga da gangan ne, yana iya korar mai jifa nan take ko ya gargaɗi ɓangarorin biyu. Akwai tsohuwar al'adar ramuwa, an sami namu sai mu sami nasu, wadda ba ta cikin littafi. Bayan abin da ya sami Chapman, ban ga hujjar da za ta kare ta ba.

Me ya sa wani lokaci abokan mai jifa ke ƙaurace masa a benci?

Alama ce cewa yana kan hanyar kafa tarihi. Idan zagaye ya yi nisa ba a samu bugu ko ɗaya a kansa ba, 'yan wasa sun camfa cewa ambaton abin zai ɓata shi, don haka ba mai zama kusa da shi, ba mai ce masa uffan.

Ƙololuwar wannan shi ne cikakken wasa: mutum 27 su zo, 27 su fita, ba wanda ya taka tasha. Sau 24 kacal aka yi a tarihin MLB. Don Larsen ya yi nasa a wasannin ƙarshe na cin kofin MLB, wato World Series, a 1956, Domingo Germán ya yi a watan Yunin 2023. A Japan, Roki Sasaki ya yi yana ɗan shekara 20 a 2022, ya fitar da mutum 13 a jere da sitiraik. Amma waɗanda suka kuskure sun fi tsaya wa mutane a rai. Harvey Haddix ya fitar da mutum 36 a jere a 1959, ƙungiyarsa ba ta ci ko maki ɗaya ba, aka doke shi a zagaye na 13. A 2010 Armando Galarraga na Detroit saura mutum ɗaya ya rage masa, alƙali Jim Joyce ya ce mai gudu ya tsira alhali an riga shi. Joyce ya kalli hoton bayan wasa, ya amsa kuskurensa da hawaye, ya je ya ba shi haƙuri. Galarraga bai yi masa ko tsawa ba, washegari ma shi ya kai masa takardar sunayen 'yan wasa suka gaisa.

Wannan taune-taune da tofe-tofen kuma na mene ne?

Asalinsa taba ce ta taunawa, wadda ta bi wasan tun ƙarni na 19 don jiƙa baki a fili mai ƙura. An hana ta a ƙananan gasanni a 1993. Bayan rasuwar Tony Gwynn a 2014 da cutar daji a wajen kumatu, wadda shi da kansa ya danganta da tabar, yarjejeniyar 2016 ta hana ta ga sababbin shiga MLB. Yau yawanci cingam ne da 'ya'yan furen rana.

Camfi kuwa ba a magana. Da yawa ba sa taka farin layin fili, tsallake shi suke yi. Wade Boggs kaza yake ci kafin kowane wasa. Turk Wendell yakan goge haƙora tsakanin zagaye da zagaye. Mark Fidrych na Detroit a 1976 magana yake yi da ƙwallo, ya durƙusa ya share tudu da hannunsa. Ba na ganin abin dariya ne. A wasan da ko ƙwararren mai bugu zai faɗi sau bakwai cikin goma, dole mutum ya nemi abin da zai kwantar masa da hankali.

Ana iya jifa da hannu biyu? Mai hannu ɗaya fa?

Pat Venditte yana jifa da dama da hagu, da safa mai yatsu shida da ke shiga kowane hannu. A 2008 ya haɗu da mai bugun da shi ma ke iya tsayawa kowane gefe, wannan ya sauya, wancan ya sauya, wasa ya tsaya. Sai aka kafa doka: mai jifa ne zai fara nuna hannun da zai yi amfani da shi, kuma ba zai canza ba sai an gama da wannan mai bugun.

Jim Abbott kuwa an haife shi ba tafin hannun dama. Yakan ɗora safa a kan dungun, ya jefa da hagu, ya zura hannun cikin safar kafin ƙwallo ta dawo. A watan Satumban 1993, yana Yankees, ya gama wasa da Cleveland ba a samu bugu ko ɗaya a kansa ba.

Na'ura za ta karɓe aikin alƙalin da ke bayan gida?

A Koriya ta Kudu ta riga ta karɓi rabinsa: tun 2024 kyamarori ne ke yanke bol da sitiraik a babbar gasarsu, alƙali yana faɗin abin da ya ji a kunne. MLB ta zaɓi tsaka-tsaki daga kakar 2026. Alƙali ne ke yanke hukunci, amma kowace ƙungiya na da damar ƙalubale biyu. Mai jifa, mai kamawa ko mai bugu ne kaɗai za su iya nema, ta hanyar dafa kai nan take ba tare da jiran koci ba, kuma in na'ura ta gaskata su, damar ba ta ƙonewa.